Kafafen Ji da Gani da Bunƙasar Rumbun Kalmomin Ƙananan Yara: Daga Talabijin ɗin Makaranta Zuwa Wayar Salula a Madarunfa

1.0 Gabatarwa

A ranar 26 ga watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da Kundin Sake Gina Ƙasa na Jamhuriyar Nijar, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk inda aka ɗaga darajar harshe irin haka, tambayar da ke biyo baya ta makaranta ce: da wane jari na kalmomi yaro zai shigo aji, kuma a ina ya tara shi? A da amsar a fili take. Yaro yakan tsinci kalma a bayan uwarsa, a gaban kakarsa, a dandali, a gona da kuma makarantar allo. A yau an sami ƙarin wata majiya wadda ba ta gajiya da magana, wato wayar salula da akwatin talabijin, kuma ta kutsa gidajen karkara kamar yadda ta kutsa na birni.

Iyaye da malamai sun rabu gida biyu a kan wannan baƙuwa. Wasu na ganin kallo ɓarnar lokaci ne da tarbiyya kawai. Wasu kuma sukan miƙa wa ɗan shekara ɗaya waya da fatan zai tashi da Faransanci ko Ingilishi a bakinsa. Duka ɓangarorin biyu sun yi wa batun kuɗin goro. Wannan maƙala za ta nuna cewa kafafen ji da gani suna iya ƙara wa yaro kalmomi, amma bisa sharuɗɗa uku: shekarunsa su kai, harshen ya zama wanda yake da tushe a cikinsa, kuma a sami mutum a gefensa da zai mayar da kallon ya zama zance. Za a kafa hujja da binciken masana koyon harshe da kuma gwajin da Nijar da kanta ta fara a 1964, sannan a auna abin da ya fito a kan yaran Madarunfa ta jihar Maraɗi.

2.0 Yadda Kalma ke Shiga Rumbun Yaro

Rumbun kalmomi shi ne jimillar kalmomin da mai magana ya mallaka. Kashi biyu ne: waɗanda yake fahimta idan ya ji, da waɗanda yake iya furtawa da kansa. Na farko kullum yana gaba da na biyu, shi ya sa yaro kan ɗauko takalmi idan an aike shi tun bai iya cewa "takalmi" ba. Mallakar kalma kuwa ta ƙunshi abubuwa huɗu: sautinta, ma'anarta, ƙirarta, da gurbin da take shiga a jimla.

Mafi wuya a cikinsu shi ne ƙulla sauti da ma'ana. Masanin falsafa W. V. O. Quine ya fito da wannan matsala a 1960 da misalin baƙon da ya ji an furta wata kalma daidai lokacin da zomo ya gilma. Idan masunci ya ɗaga kifi a bakin tafki ya ce "tarwaɗa", ta yaya yaro zai san kifin ake nufi, ba gashin bakinsa ba, ba santsinsa ba, ba ɗagawar ba? Yaro yana warware wannan ne ta bin idon mai magana da yatsansa, da kuma gyaran da ake yi masa idan ya kuskure. Wannan shi ne haɗuwar hankalin babba da yaro a kan abu guda, kuma shi ne ginshiƙin koyon kalma a shekarun farko.

A 1978 Susan Carey da Elsa Bartlett sun nuna cewa yara masu kimanin shekara 3 suna iya cafke wani ɓangare na ma'anar sabuwar kalma daga ji ɗaya. Sun ajiye faranti biyu masu launi daban, suka ce wa yaro ya kawo mai wani launi da bai taɓa jin sunansa ba, suka ƙara da cewa ba shuɗin ba. Yaran suka gane cewa baƙuwar kalmar sunan launi ce. Sai dai cafkewa daban, riƙewa daban. Kalma ba ta zama ta yaro sai ya sake haɗuwa da ita a wurare mabambanta.

A nan ne ake kyautata wa hoto mai magana zato. Allan Paivio ya kawo ra'ayi a 1971 cewa ƙwaƙwalwa tana ajiye bayani ta hanya biyu, ta lafazi da ta sura, kuma abin da aka ajiye ta hanyoyin biyu ya fi saurin tunuwa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a fagen koyon kalma gani da ji abokan aiki ne.

3.0 Abin da Bincike ya Tabbatar

Sakamakon gwaje-gwaje ya bambanta gwargwadon shekarun yaro, don haka za a bi su daki-daki.

A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka sun ɗauki jarirai ƴan wata 9 daga gidajen masu jin Ingilishi, suka haɗa su da masu magana da Sinanci har zama 12, kowane zama minti 25. Jariran da suka zauna da mutum ido da ido sun koyi rarrabe wasu sautukan Sinanci da babu su a Ingilishi. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a bidiyo, da waɗanda aka kunna wa murya kawai, ba su nuna alamar koyo ba. Wannan gwaji a kan sauti aka yi shi, amma na kalmomi ma haka ya fito. A 2010 Judy DeLoache da tawagarta sun bi yara ƴan wata 12 zuwa 18 da suka shafe wata guda suna kallon wani faifan koyar da kalmomi da ya yi kasuwa sosai. Ba su fi yaran da ba su kalla ba. Rukunin da ya fi kowa koyo shi ne wanda iyaye suka koyar da kalmomin da bakinsu ba tare da faifai ba. Wani abin lura shi ne iyayen da suka fi son faifan su ne suka fi zuzuta abin da ƴaƴansu suka koya daga gare shi.

A 2014 Sarah Roseberry da Kathy Hirsh-Pasek da Roberta Golinkoff sun gano inda gizo ke saƙar. Sun koya wa yara ƴan wata 24 zuwa 30 sababbin aikatau ta hanya uku: ido da ido, ta kiran bidiyo kai tsaye, da kuma ta bidiyon da aka riga aka naɗa. Yaran sun koya ta hanyoyi biyun farko, ba su koya ta ta ukun ba. Ashe gilashin na'ura ba shi ne shingen ba. Abin da ya raba hanyoyin shi ne amsawa: mai kiran bidiyo yana kiran sunan yaro, yana jiransa, yana mayar masa da martani a kan abin da ya yi.

Daga shekara 3 al'amarin yakan sauya. A 1988 Mabel Rice da Linda Woodsmall sun nuna wa yara ƴan shekara 3 da ƴan shekara 5 shiri na minti 15 mai ɗauke da sababbin kalmomi 20. Yaran sun koyi wasu daga ciki, ƴan shekara 5 sun fi cin riba, kuma sunayen abubuwa da sifofi su ne suka fi sauƙin kamuwa. Ko a wannan mataki, babba yana ninka amfanin. A 2013 Gabrielle Strouse da abokan aikinta sun horar da iyayen yara ƴan shekara 3 su riƙa tsayar da bidiyo suna yin tambaya, suna sa yaro ya ba da labarin da bakinsa. Bayan mako 4, waɗannan yara sun fi sauran fahimtar labari da riƙe kalmominsa.

Bisa la'akari da lafiya da girman yaro gaba ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban na'urar kallo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

4.0 Gwajin Nijar na 1964

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka buɗe talabijin ɗin makaranta da aka fi sani da Télé-Niger a Yamai, da taimakon Faransa. Ya riga shirin Sesame Street na Amurka, wanda ya fara a 1969, ya kuma riga na ƙasar Kwaddibuwa da aka fara watsawa daga Buwake a 1971. Matsalar da aka so magancewa ita ce ƙarancin ƙwararrun malamai. An fara da aji biyu, a 1966 aka faɗaɗa zuwa aji 22 masu ɗalibai kusan 800 a kewayen Yamai.

Tsarin aikin shi ne abin nazari. Yaran sun shigo ba su jin Faransanci, shi ne kuma harshen koyarwa, don haka dole ne hoto ya ɗauki nauyin ma'ana ta hanyar ƴan wasannin kwaikwayo da zane-zane. Ana watsa darasi huɗu a yini, kowanne bai kai minti 15 ba. Jimillar kallo ke nan ba ta cika awa ɗaya ba. Sauran yinin yana hannun mai kula da aji, wanda galibi takardar firamare kawai gare shi sai ɗan gajeren horo. Aikinsa shi ne ya shirya yara kafin shiri, bayan shiri kuma ya sa su maimaita, su kwaikwaya, su yi tambaya, su yi amfani da abin da suka ji. Masanin sadarwa Wilbur Schramm da sauran waɗanda suka yi nazarin gwajin sun yaba da yadda yaran suka saki baki da Faransanci da kuma yadda kusan babu mai barin makaranta a cikinsu.

Duk da haka gwajin bai game ƙasa ba. Ya yi tsada, ya dogara da ƙwararru da kuɗin waje, ya kuma daɗe yana tafiya a gefen tsarin makarantun da aka saba. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya kau, aka kafa gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel, a 1979. Ana cikin haka ne aka buɗe wata hanyar daban: a 1973 aka fara makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a tsarin koyarwa.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, waɗanda suka tsara Télé-Niger sun aiwatar da abin da binciken shekarun 2000 ya zo ya tabbatar: kallo gajere, aikin baki mai tsawo, da mutum a tsakani. Na biyu, gwajin Yamai ya riƙe hoto da harshen da yaro bai zo da shi daga gida ba, na Damagaram ya riƙe harshen yaro da allo da alli. Wayar salula ta sa haɗa biyun ya yi arha fiye da kowane lokaci a baya.

5.0 Abin da Sauti da Motsi ke Yi wa Hausa

Akwai sassan Hausa guda huɗu da bidiyo ke isarwa fiye da littafi mai hotuna.

Na farko, karin sauti da tsawon wasali. Rubutun yau da kullum ba ya nuna su. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya rubutunsu ɗaya, haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, haka "gari" na mazauni da "gari" na tuwo. Malamin da Hausa ba harshensa na farko ba ne yana iya karanta su ya karkace. Muryar da aka naɗa daga bakin ɗan asalin harshe tana kawo kalmar da karinta cikakke.

Na biyu, ajin aikatau. F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa aji bakwai a 1960, kuma bambancin wasu azuzuwan na alkibla ne ko na cikar aiki. A duba zuba, zubo, zube da zubar. Hoto tsayayye na mace da tulu ba zai raba su ba. Hoto mai motsi yana nuna ruwan yana shiga randa, ko yana nufo mai kallo, ko ya ƙare a ƙasa, ko an watsar da shi da gangan. A nan akwai tarko ga mai ɗaukar hoto: fita da fito, kai da kawo, sun dogara ne da inda mai magana yake. Idan kyamara tana waje, akuya ta nufo ta daga garke, muryar kuma ta ce "ta fita", an koya wa yaro kuskure. A bidiyon koyar da Hausa, mazaunin kyamara shi ne mazaunin mai magana.

Na uku, amsa-kama. Tsundum, zumbur, wuf, cak, tinjim da tsamo-tsamo kalmomi ne da bayani ba ya gamsar da ma'anarsu. Dutse ya faɗa ruwa, a ji ƙararsa, a ji kalmar, shi ke nan an gama darasi.

Na huɗu, jam'i. Hausa ba ta da hanya ɗaya ta gina jam'i: kifi da kifaye, jirgi da jirage, gulbi da gulabe, rijiya da rijiyoyi, akuya da awaki, tunkiya da tumaki. Tilas yaro ya riƙe da yawa daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Bidiyon da ya nuna tilo sannan ya buɗe hoto ya nuna garke yana ba shi siga biyun a numfashi guda.

6.0 Madarunfa a Ma'auni

Madarunfa tana kudu da birnin Maraɗi, a yankin da ya yi iyaka da Jibiya ta jihar Katsina a Nijeriya. Gundumar ta ƙunshi Madarunfa da Ɗan Isa da Gabi da Jiratawa da Safo da Sarkin Yamma. An san ta da tafkinta, wanda aka sanya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2019, da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa, da noman rani na Jiratawa, da dajin Baban Rafi. Mafi yawan mazauna Hausawa ne, tare da Fulani da sauran al'ummu.

Yaron da ya tashi a nan yana zaune a tsakiyar taskar kalmomi. Ta fuskar su akwai koma, taru, birgi, fatsa da gora, akwai tarwaɗa, karfasa da gaiwa. Ta fuskar tsuntsaye akwai shamuwa, balbela, zalɓe da kirinjijiya. Ta fuskar itatuwa akwai gawo, kanya, marke, kalgo, sabara, aduwa da magarya. Waɗannan ba kalmomin ado ba ne. Su ne tubalan da darasin kimiyya da na labarin ƙasa za su hau kai idan ana koyarwa da Hausa, domin yaron da ya raba gaiwa da tarwaɗa ya riga ya fara rarraba halittu aji-aji.

Me yake gani a waya? Galibi abin da manya suka tura wa kansu a katin ajiya ko ta WhatsApp: finafinan Kano, finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa, waƙoƙi, wa'azi, da zanen barkwanci na Faransanci ko Ingilishi. Ba a shirya yawancinsu don ɗan shekara 4 ba. Maganarsu tana da sauri, kuma abin da ake faɗa sau da yawa ba shi ne abin da ke fuskar waya ba: ana zancen aure ko gado, hoto yana nuna falo da kujeru. Ƙullin sauti da ma'ana ba ya ɗauruwa a haka. Zanen barkwancin harshen waje kuwa yakan bar yaro da ƴan gutsattsarin lafazi da yake rerawa ba tare da ya iya saka su a jimla ba, tunda babu mai amsa masa da harshen a gida.

Akwai shirye-shiryen yara da aka yi da Hausa. Shirin Sesame Square da aka fara a Nijeriya a 2011 ya sami reshen Hausa mai suna Dandalin Sesame, kuma shirin Akili and Me na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya an juya shi zuwa harsuna da dama har da Hausa. Binciken Dina Borzekowski da aka buga a 2018 ya nuna yaran Tanzaniya da suka kalli Akili na ƴan makonni sun ƙaru a ƙirga da sanin siffofi da Ingilishi. Waɗannan ci gaba ne, sai dai suna zuwa da tambayar karin harshe. Yaron Madarunfa yana cewa tahi, zamna, ɗiya, inda daidaitacciyar Hausa ke cewa tafi, zauna, ƴaƴa. Yana cewa lakwal, mushe, kuran da tele, waɗanda aka aro daga Faransanci, inda ɗan Kano zai ce makaranta, malam, lantarki da talabijin. Jin sigar Kano ba illa ba ce, riba ce ma, muddin akwai wanda zai ce masa "tafi ɗin nan ita ce tahi tamu". Idan babu, yana iya ɗaukar ɗayan biyu: ko dai maganar gidansu kuskure ce, ko ta wayar baƙuwa ce.

Saura tambayar wane ne zai zauna da yaro. Littattafan Turai sukan ɗauka uwa ce ko uba. A gidan Bahaushe kunyar ɗan fari takan hana uwa sakewa da shi a gaban mutane, aikin gida da na gona kuma sukan cinye yininta. Masu yawan zance da yaro su ne kaka, wadda wasan jika ya ba ta lasisin tsokana, da yayye da goggonni. Su ya kamata shiri ya nufa. Al'adar ma ta riga ta tanadi salon: ba a fara tatsuniya sai masu sauraro sun amsa, kacici-kacici kuma ba ya cika sai an ba da amsa ko an ba da gari. Cewa manya na iya ƙara yawan zancensu da yara ba zato ba ne. A 2017 Ann Weber da Anne Fernald da Yatma Diop sun buga sakamakon bincike a ƙauyukan Wolof na Senegal, inda shirin ƙungiyar Tostan ya ƙarfafa wa masu reno gwiwar yi wa jarirai magana. Bayan shekara guda zancen masu renon ya ƙaru, kalmomin yaransu ma sun ƙaru fiye da na ƙauyukan da shirin bai je ba.

7.0 Ƙa'idojin Aiki

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idoji shida ga malaman azuzuwan share fage da iyaye da masu shirya bidiyo.

Ɗaya, kafin shekara 2 a bar na'ura, a yi zance. Abin da ya cancanci togaciya shi ne kiran bidiyo da uba ko ɗan'uwan da ya tafi ci-rani, tunda shi yana amsawa.

Biyu, bidiyo ya zama gajere, minti 3 zuwa 5, da sababbin kalmomin da ba su wuce biyar ba.

Uku, a furta kalma daidai lokacin da abin ya cika fuskar waya, ba tare da kiɗan da zai danne murya ba.

Huɗu, a nuna abu ɗaya a siga daban-daban. Idan koma ɗaya tak aka nuna, yaro na iya ɗauka sunan wannan komar ce kaɗai. A nuna babba da ƙarama, a ruwa da a shanye.

Biyar, a bar gurbin amsa. Muryar ta yi tambaya ta yi shiru, mai zama da yaro kuma ya tsayar da bidiyo ya tambaya: "Mene ne wannan? Ina ka taɓa ganinsa? Me Baba yake yi da shi?"

Shida, a fitar da kalmar daga waya a ranar. In an kalli gawo, a je gindin gawo. In an kalli zubo da zubar, a ba yaro moɗa da ruwa.

Ga ɗaliban kimiyyar harshe, wannan fili ne na bincike da bai fi ƙarfin aljihu ba. Ɗalibi na iya zaɓar fage ɗaya, misali kalmomin su, ya tattara su daga bakin masunta da izininsu, ya rubuta su da alamun karin sauti da tsawon wasali, ya naɗi gajerun bidiyo da wayarsa. Sai ya auna yara kafin kallo ta hanyar ajiye hotuna huɗu ya ce a nuna masa ɗaya. Ya kasa su rukuni uku: masu kallo su kaɗai, masu kallo da babba mai tambaya, da masu koyo daga babba ba tare da bidiyo ba. Ya sake aunawa washegari, ya kuma sake bayan mako biyu, domin a raba cafkewa da riƙewa. Wajibi ne a nemi yardar iyaye da ta hukumar makaranta, kuma kada a yaɗa fuskar yaro. Ko da sakamakon bai nuna bambanci ba, kalmomin da aka naɗa sun zama taskar karin harshen Maraɗi wadda masu ƙamus za su amfana da ita.

8.0 Kammalawa

An ga cewa hoto mai magana yana taimakon rumbun kalmomin yaro idan ya kai kimanin shekara 3, idan harshen yana da saiwa a gidansu, kuma idan wani ya karɓi kalmar daga na'ura ya mayar da ita zance. Télé-Niger ya nuna haka tun shekarun 1960 da darussan da ba su kai minti 15 ba da masu kula da aji marasa babbar takarda. Abin da ya gagare shi, wato tsadar kayan aiki, yau yana cikin aljihun magidanta da yawa. Abin da bai yi ba, wato magana da yaro cikin harshensa, yau doka ta buɗe masa ƙofa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan masu nazarin harshe ba su samar da bidiyon da ke kiran gaiwa da kirinjijiya da sunansu ba, yaran bakin tafkin Madarunfa za su ci gaba da kallo, sai dai kalmomin wasu za su tara, nasu kuma su tafi tare da kakanninsu.